Ƙwayoyin Ƙarfe Masu Mai da Kara da Itace Man Mota: Tambayoyi da Amsoshi

Duk shekara bayan girbi ana tara tulin kara, buntun shinkafa, totuwar masara da tuƙar rake, ga kuma garin katako daga wuraren yankan itace. Wani a ba dabbobi, wani a mayar wa ƙasa, mai yawa kuma a cinna masa wuta. Alhali kabon ɗin da ake nema a fetur da dizal da man jirgin sama yana nan kwance a cikin wannan tarkace. Fito da shi ne aiki, kuma a nan ake neman taimakon wasu ƙwayoyin ƙarfe da ido ba ya gani.

Wane ɓangare na tsiro ake son mayarwa mai?

Ba hatsin ba, ba kuma 'ya'yan itacen ba. Waɗannan abinci ne, kuma mai da sukarinsu itanol tsohon aiki ne da yis yake yi cikin sauƙi. Ragowar ake hari: kara, ɓawo, reshe, ganye.

Busasshen jikin tsiro abubuwa uku ne cuɗe da juna. Akwai selulos, kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin 100, wanda dogayen sarƙoƙin sukarin gulukos ne da suka jeru suka manne kamar zaren igiya. Akwai hemiselulos, kashi 20 zuwa 30, shi ma sukari ne amma gajere mai rassa, ya fi saurin warwarewa. Sai lignin, kashi 15 zuwa 30, wanda shi ne ƙaron da ya ɗaure sauran biyun ya ba itace taurinsa. An gina wannan jiki ne don ya jure ruwa da rana da ƙwari, shi ya sa bishiya take tsayawa shekaru ɗaruruwa. Taurin da ya kare ta a daji shi ne yake wahalar da mai son narkar da ita.

Ai itace yana cin wuta. Me ya hana shi zama man mota kai tsaye?

Oksijin. Duk wanda ya riƙe wannan kalma ya riƙe rabin zancen. Kusan kashi 40 zuwa 45 na nauyin busasshen itace oksijin ne, a ɗanyen man fetur kuwa da wuya ya kai kashi 2. Ƙonewa ba komai ba ce illa haɗuwa da oksijin, don haka abin da ya riga ya cika da oksijin tamkar wanda ya fara ƙonewa ne tun ba a kunna shi ba. Kilo ɗaya na busasshen itace yana ba da zafi kimanin megajul 18, kilo ɗaya na dizal kuwa kusan 43.

Hanyoyin fitar oksijin kaɗan ne, kuma kowace da harajinta. Idan ya fita a matsayin ruwa, sai an ciyar da shi haidurojin, wanda ke da tsada. Idan ya fita a matsayin iskar kabon, ya tafi da wani ɓangare na kabon ɗin da ake son ya zama mai. Gwanintar ita ce a cire oksijin a bar kabon, da haidurojin mafi ƙaranci.

Mene ne katalis, kuma me yake yi a nan?

Katalis abu ne da yake hanzarta sauyin sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare a cikin sauyin ba. Masanin nan ɗan Suwidin, Berzelius, shi ya raɗa wa al'amarin suna a 1835. Ka ɗauke shi kamar mai shiga tsakani: ya kawo ɓangarori biyu kusa, ya sa su daidaita, ya sallame su, ya karɓi na gaba.

Iskar haidurojin tana yawo ne atam (mafi ƙanƙantar ƙwayar sinadari) biyu-biyu a ɗaure, kuma ba ta son rabuwa. Za ka iya cika tukunya da ita da ruwan sukari ka ɗora a kan zafi, ba abin kirki da zai faru. Amma da ta sauka a fuskar nikel ko filatinam sai ɗaurin ya kwance, kowane atam ya tsaya shi kaɗai yana jiran abin da zai kama. Paul Sabatier da abokin aikinsa Senderens ne suka nuna haka da garin nikel a Tulus ta Faransa a 1897, kuma Sabatier ya samu kyautar Nobel a 1912. Ya bar wata ƙa'ida da har yau ake aiki da ita: kada ƙarfen ya riƙe baƙonsa da tsauri har ya ƙi sakinsa, kada kuma riƙon ya yi sako-sako har baƙon ya wuce ba a yi komai ba.

Mai mota ma yana yawo da irin wannan abu. A cikin salansar motocin zamani akwai ƙwayoyin filatinam da faladiyam da rodiyam masu tsabtace hayaƙi, kuma tun 1975 aka fara sa su a motocin Amurka.

Me ya sa dole sai ƙwayoyin sun zama ƙanana haka?

Domin aikin a fuska kawai ake yinsa. Atam ɗin da ke binne a tsakiyar dunƙulen ƙarfe zaman banza yake yi. Nanomita ɗaya shi ne mita a raba gida biliyan, kuma kaurin gashin mutum ya kai nanomita dubu 80 ko kusa da haka. Ƙwayoyin da ake magana a kansu yawanci tsakanin nanomita 1 da 20 suke.

Ga lissafi mai sauƙi. Dunƙulen ƙarfe mai kusurwa huɗu, santimita ɗaya ta kowane gefe, fuskarsa duka murabba'in santimita 6 ce. A daddatsa shi zuwa 'yan dunƙule masu nanomita 10, fuskar za ta koma murabba'in mita 600, alhali nauyin bai ƙaru da ko ƙwayar zarra ba. A ƙwayar filatinam mai nanomita 10, kusan atam ɗaya cikin goma ne ke waje. A mai nanomita 2, kusan rabi. Ga ƙarfen da ake auna shi da giram, wannan bambanci shi ne tsakanin riba da asara.

Akwai kuma abin da ya fi yawan fuska ban sha'awa: ƙanƙanta tana sauya halin ƙarfe. Zinariya an san ta da rashin shiga harkar kowa, shi ya sa ba ta tsatsa. Amma a 1987 Masatake Haruta na Japan ya nuna cewa ƙwayoyin zinariya da ba su kai nanomita 5 ba suna ƙone iskar kabon mai guba, wato kabon monoksaid, ko a sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifili. Atam ɗin da ke kan kusurwa da gefen ƙwaya ba shi da maƙwabta da yawa, don haka hannunsa a buɗe yake.

Ke nan kullum ƙarami ya fi?

A'a. Kobalt ne ya fi nuna haka. A aikin haɗa dogayen sarƙoƙin mai daga iskar gas, masu bincike a Jami'ar Utrecht ta Holan sun nuna a 2006 cewa idan ƙwayar kobalt ta gaza nanomita 6 zuwa 8, aikinta yana raguwa, kuma tana ƙara fitar da iskar metan maimakon man da ake so. Wasu sauye-sauyen suna buƙatar atam da dama a jere kafin baƙon ya samu wurin kwanciya. Ƙwaya mafi ƙanƙanta kuma ita ce mafi saurin narkewa ko haɗewa da 'yar uwarta. Kowane aiki da girman da ya dace da shi, kuma gwaji ne ke nuna shi.

Yaya ake yin su?

Hanyar da aka fi bi ba ta da wani sirri. Ana samun mazauni, wato gari mai ramuka da yawa kamar gawayin da aka gyara, alumina, silika, titaniya ko zirkoniya. Giram ɗaya na irin wannan gawayi fuskar cikinsa tana iya kai murabba'in mita 1,000. Sai a narkar da gishirin ƙarfen a ruwa, a ɗiga shi a kan garin kaɗan-kaɗan ana juyawa har ramukan su sha. Idan gishirin nikel ne, garin alumina fari zai koma kore-kore. A busar, a gasa, sannan a busa masa haidurojin mai zafi, wanda zai kwashe oksijin ya bar tsantsar ƙarfe. A nan ne garin yake rikiɗa ya yi baƙi.

Da ido gari ne kawai. Sai an sa shi a madubin ƙara girma mai aiki da lantarki ake ganin ɗigo-ɗigo baƙaƙe warwatse a kan mazaunin, a ƙirga su a auna. Saurin gashin da zafinsa ne ke yanke girman ƙwayar, kuma gaggawa a wannan mataki tana haifar da manyan dunƙule. Ana kuma yawan rubutu a kan yin ƙwayoyin da ruwan ganyayyaki. Yana yiwuwa, amma samun girma iri ɗaya a kowane karo yana da wuya, masana'anta kuwa ba abin da take nema kamar wannan.

Daga itace zuwa mai, a wane mataki ƙwayoyin suke shiga?

Ya danganta da hanyar da aka bi. Mafi gajarta ita ce ta gasawa ba iska. Ana niƙa itacen, a jefa shi cikin zafin digiri 500 inda babu oksijin, a sanyaya tururin kafin daƙiƙa biyu. Har kashi 70 na nauyin itacen yana iya komawa ruwa, wani baƙi-baƙi mai kauri mai ƙaurin hayaƙi. Ana ce masa ɗanyen man itace, amma sunan ya fi shi kyau. Kashi 15 zuwa 30 nasa ruwa ne, tsaminsa yana cin ƙarfe, ba ya gauraya da dizal, ƙarfinsa bai kai rabin na fetur ba, kuma idan aka ajiye shi sai ya yi ta kauri. A ɗumama shi da yawa, ya daskare ya zama kamar kwalta.

Saboda haka ake gyara shi hawa biyu. Hawan farko a zafi mai sauƙi, digiri 150 zuwa 250, galibi da ruteniyam a kan gawayi, don a kwantar da sinadaran da suka fi fitina kafin su dunƙule. Hawa na biyu a digiri 300 zuwa 400, ƙarƙashin matsin haidurojin da ya ninka na iskar sarari sau 100 ko fiye, inda ake fizge oksijin ya fita a matsayin ruwa. Idan aiki ya yi kyau, abin da ke fitowa yana rabuwa gida biyu a kwalba: ruwa a ƙasa, mai garai-garai a sama.

Ƙarfe shi kaɗai ba ya gama wannan aiki. Yana kwance haidurojin, amma ana buƙatar wani ya riƙe oksijin ɗin a ja. Wani lokaci mazaunin ne ke yin haka idan yana da ɗan tsami, wani lokaci ƙarfe na biyu mai son oksijin, kamar baƙin ƙarfe ko molibdenam ko reniyam. A bakin iyakar da su biyun suka haɗu ake yin ainihin yankan.

Hanyar sukari fa?

Wannan ta fi tsafta, ta kuma fi tsawo. Matsalar farko ita ce selulos ba ya narkewa a ruwa, katalis ma gari ne, gari biyu kuwa ba sa haɗuwa da kyau. Ruwan zafi ƙarƙashin matsi yana tsinka sarƙar zuwa gulukos, amma gulukos ba ya jure zafi, nan da nan yake ƙonewa ya zama baƙin datti. Dabarar ita ce ƙarfen ya tare shi da haidurojin da zarar ya fito, ya mai da shi sobitol, wani dangin sukari da ya fi juriya. Atsushi Fukuoka da Paresh Dhepe sun nuna haka a Jami'ar Hokkaido a 2006, da filatinam a kan alumina, a digiri 190, cikin awa 24. Abin da suka samu bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, amma ya buɗe ƙofa.

Matsala ta biyu tsawo ce. Sarƙar sukari atam na kabon 5 ko 6 gare ta, man jirgin sama kuwa yana son 8 zuwa 16. Dole a ɗinka gajeru su zama dogaye. Ɗakin binciken James Dumesic a Jami'ar Wisconsin ta Amurka ya nuna yadda ake yi a 2005: a mai da sukari wani sinadari mai suna fafural da danginsa, a haɗa su da asiton, sannan a cire oksijin, a samu sarƙoƙi masu kabon 7 zuwa 15. Daga aikin wannan ɗaki kamfanin Virent ya fito. Ranar 28 ga Nuwamba 2023 jirgin Boeing 787 na Virgin Atlantic ya tashi daga Landan zuwa New York ba tare da man fetur na ƙasa ba, kuma kashi 12 na man da ya sha na Virent ne, daga sukarin tsirrai. Sauran kashi 88 daga kitse da tsohon man suya aka yi shi. A lura da wannan rabo, domin yana nuna inda fasahar take a zahiri.

Ina labarin lignin?

A nan zuciyata ta fi karkata, domin shi ne ɓangaren da aka fi wulaƙantawa. Masana'antun takarda suna raba shi da selulos su ƙone shi don samun zafi, kuma tsofaffin ma'aikatan fannin suna da wata magana, wai ana iya yin komai da lignin ban da kuɗi. Alhali shi ne babbar taskar sinadarai masu zobe, wato waɗanda kabon ɗinsu ya jeru a da'ira, a duniyar tsirrai, irin waɗanda man jirgin sama yake buƙata don robobin da ke toshe mahaɗan bututu su kumbura su riƙe.

An daɗe ba a gane inda gizo ke saƙar ba. A cikin itace, rabin mahaɗan lignin ko fiye na oksijin ne, masu sauƙin yankewa. Amma dafuwar masana'antar takarda tana tsinka su, gutsattsarin kuma su sake mannewa da ɗaurin kabon da kabon, wanda ya fi na farko tauri nesa ba kusa ba. Wato kafin lignin ya iso hannun mai bincike an riga an lalata shi.

Sai aka juya tsarin, aka ce a fara da lignin. Ana zuba garin itace a metanol tare da ruteniyam ko faladiyam ko nikel da haidurojin, a digiri 200 zuwa 250. Metanol yana jiƙo lignin, ƙarfen kuma yana rufe bakin kowane gutsure da haidurojin kafin ya samu damar mannewa. Rukunin Bert Sels a Leuven ta Beljiyam ya samu kusan rabin lignin na itacen birch a matsayin ƙwayoyi ɗai-ɗai a 2015, selulos kuma ya rage lafiya lau don wani aikin. Itatuwa masu ganyen allura ba sa ba da ko kusa da haka. Akwai kuma wahalar tsince garin katalis daga cikin dusar itacen, shi ya sa wasu ke kulle shi a ɗan kwandon waya, wasu kuma su yi amfani da nikel su janye shi da maganaɗisu.

Akwai hanyar da ba ruwanta da bambancin selulos da lignin?

Akwai. A farfasa komai a zafin digiri 800 ko fiye da 'yar iska kaɗan, ya koma gas mai haidurojin da kabon monoksaid, sannan a sake gina sarƙoƙi a kan kobalt ko baƙin ƙarfe. Franz Fischer da Hans Tropsch suka ƙirƙiro wannan gini a Jamus a 1925 don kwal, kuma Sasol tana yinsa a Afirka ta Kudu tun 1955. Dizal ɗin da ke fitowa mai kyau ne sosai. Sai dai gas ɗin itace yana zuwa da kwalta da farar wuta, kobalt kuwa ko ƙanshin farar wuta ba ya so. Wankin gas ɗin ne ke cinye kuɗi.

Wane ƙarfe ya fi?

Idan a ruwan zafi ake aiki, ruteniyam ne gwani. Filatinam da faladiyam ma suna aiki a zafi mai sauƙi kuma asid ba ya cin su da wuri. Matsalarsu ƙaranci. Filatinam da ake haƙowa a duniya a shekara bai kai tan 200 ba, kusan kashi 70 daga Afirka ta Kudu. Ruteniyam kuwa 'yan gomomin tan ne. Nikel ya haura tan miliyan 3. Duk mai tunanin man da zai cika tankunan jiragen duniya dole ya dubi waɗannan alƙaluma.

Shi ya sa ake ta ƙoƙari a kan nikel, jan ƙarfe, kobalt da baƙin ƙarfe, ko a gauraya ɗan filatinam da mai araha mai yawa. Akwai kuma haɗin kabon da tungstan ko molibdenam, kuma tun 1973 masu bincike Levy da Boudart suka lura na tungstan yana kwaikwayon filatinam. A ganina tambayar ba wane ne ya fi araha a ranar saye ba ce. Filatinam da ya yi shekara biyu yana aiki, aka kuma narkar da shi aka sake amfani da shi, zai iya fin nikel da ya mutu cikin wata guda sauƙi.

An ce katalis ba ya ƙarewa. To me ke kashe shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita ce aka fi tsallakewa. A takarda ba ya ƙarewa, a tukunya kuwa yana mutuwa, ta hanyoyi da yawa a lokaci guda.

Da farko kunkunniya. Gutsattsarin sukari da lignin suna manne wa fuskar ƙarfen, su dunƙule, su toshe ramukan mazaunin. A bututun gyaran ɗanyen man itace, wannan datti yana iya toshe hanya gaba ɗaya cikin kwanaki, matsi ya hau, a tsayar da aiki a fasa a kankare. Ana iya ƙone kunkunniyar a farfaɗo da katalis, amma idan mazaunin gawayi ne sai ya ƙone tare da ita.

Sai haɗewa. Zafi da ruwa suna sa ƙwayoyin su yi ta rarrafe a kan mazaunin, su ci karo, su zama ɗaya. Wanda ya fara da nanomita 3 ya wayi gari da 20, duk wahalar da aka sha wajen ƙanƙantawa ta tafi, kuma wannan ba ya komawa da sauƙi. Ga narkewa: asid ɗin da ke cikin man itace yana lasar nikel da jan ƙarfe atam bayan atam, har ruwan da ke fita ya ɗauki launin ƙarfen. Ga guba: tsiro yana shan fotasiyam da kalsiyam da kulorin da 'yar farar wuta daga ƙasa, kuma kara da buntu sun fi itace toka sosai. Waɗannan suna zama daram a kan wuraren aiki.

Mazaunin kansa ma ba ya tsira. Alumina, wadda matatun fetur suka dogara da ita shekaru da yawa, tana rikiɗa a ruwan da ya kai digiri 200 ta zama wani ma'adini dabam, ramukanta su rushe, ƙarfen ya binne. Dalilin duk wannan shi ne an gina ilimin katalis ne a kan fetur, wanda ba ruwa a cikinsa, tarkacen tsirrai kuwa jiƙaƙƙe ne mai tsami. Hatta katalis ɗin da matatu ke cire farar wuta da shi, na kobalt ko nikel da molibdenam, sai da farar wuta yake rayuwa. A ba shi man itace tsantsa, farar wutar jikinsa ta zube ya raunana, sai an riƙa ƙara masa ita da gangan.

Maganin da ake nema ya haɗa da komawa ga titaniya da zirkoniya da gawayi, da lulluɓe ƙwayar da siririn bargo na kabon, da kulle ta a cikin ramukan ziyolait, wani ma'adini mai ƙananan ramuka, don kada ta yi yawo, da wanke tokar kara kafin a fara. Kowanne yana ƙara kwana, kowanne kuma yana rage wani abu, ko sauri ko kuɗi.

Haidurojin ɗin daga ina yake zuwa?

Mafi yawansa a yau daga iskar gas ta ƙasa ake yinsa, kuma kowane kilo yana barin kimanin kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon. Idan man tsirrai ya sha irin wannan haidurojin da yawa, an gudu ba a tsira ba. Ana iya samo shi daga tsiron kansa: a 2002 rukunin Dumesic ya fitar da haidurojin daga ruwan sukari a kan filatinam a zafin da bai wuce digiri 270 ba. Ana iya aro shi daga wani sinadari, misali asid ɗin fomik da ke fitowa tare da asid ɗin lebulinik idan aka dafa selulos. Ana kuma iya raba ruwa da lantarkin rana ko iska. Na farko yana cin wani kaso na tsiron, na ƙarshe yana cin kuɗi.

Ana amfani da wannan a masana'anta ko duk a ɗakin bincike ne?

A kan kitse da man tsirrai, an daɗe da nisa. Kamfanin Neste ya buɗe masana'antarsa ta farko a Porvoo ta Finlan a 2007, sai Singafo a 2010 da Rotterdam a 2011, kuma kamfanin Eni ya juya matatarsa ta kusa da Banis ta Italiya zuwa wannan aiki a 2014. Kitse yana da sauƙi domin oksijin ɗinsa kusan kashi 11 ne kawai, kuma sarƙoƙinsa sun riga sun yi tsawon dizal. Amma tsohon man suya yana da iyaka.

A kan kara da itace, da sauran rina a kaba. Choren ta Jamus, mai bin hanyar gas, ta durƙushe a 2011. KiOR ta gina masana'anta a jihar Misisifi ta Amurka, ba ta samu yawan man da ta yi alkawari ba, ta karye a 2014. Waɗanda suka ɗore sun fi tafiya a hankali. A Gävle ta Suwidin, a 2021 Pyrocell ta fara mai da garin katako ɗanyen mai a gefen wurin yankan katakon, a kai shi matatar Preem a gauraya kaɗan da na fetur. Abin da ke tura aikin yanzu shi ne jiragen sama, waɗanda batir ba zai ɗauke su doguwar tafiya ba. Tarayyar Turai ta wajabta kashi 2 na irin wannan mai a cikin man jiragen sama daga 2025, kashi 6 a 2030, har kashi 70 a 2050.

Kwashe kara daga gona ba zai cutar da ƙasa ba?

Zai cutar idan aka kwashe duka. Karan da ya ruɓe shi ke mayar wa ƙasa kuzari, yana kuma hana ruwa da iska zaizaye ta. Rarar kawai ya kamata a ɗauka, kuma yawanta ya danganta da irin ƙasar.

Ƙwayoyin suna da haɗari?

Ga mai aiki da su, ƙwarai. Nikel irin na Raney, wanda Murray Raney ya ƙirƙiro a shekarun 1920, a ƙarƙashin ruwa ake ajiye shi, domin idan ya bushe yana kama wuta da kansa. Faladiyam a kan gawayi da ya sha haidurojin yana iya kunna tururin metanol a kan takardar tacewa, shi ya sa ba a barinsa ya bushe. Ƙurar nikel da kobalt tana cutar da huhu. Ga mai mota kuwa, ƙwayoyin suna zama a masana'anta ne, ba a zuba su a tanki.

Idan na ga labarin sabon katalis da ya mai da kashi 99, yaya zan auna shi?

Ka fara da tambayar me aka ciyar da shi. Yawancin gwaje-gwaje ana yinsu da sinadari guda mai tsabta da aka saya a kwalba, kamar gwayakol, wanda ke wakiltar lignin. Wannan yana da amfani wajen fahimtar yadda abu ke gudana, amma ɗanyen man itace na gaske sinadarai ɗaruruwa ne da ruwa da toka. Sai ka duba kashi 99 na mene ne: abin da ya ɓace, ko abin da ya zama mai? Sinadari yana iya ɓacewa ya koma kunkunniya ko gas. Ka nemi lissafin kabon, nawa ya shiga nawa ya fito a matsayin mai, da yawan haidurojin da aka kashe, da ko an auna ƙarfe a ruwan da ya fita.

Sannan tsawon lokaci. Za ka ga an rubuta cewa an sake amfani da katalis sau biyar bai raunana ba. Idan an zuba shi fiye da buƙata, rabinsa zai iya mutuwa sauran ya gama aikin, ba wanda zai lura. Gwajin da ake yarda da shi shi ne na bututun da abinci ke shiga ta gefe guda mai na fita ta ɗaya ba tsayawa, tare da hoton ƙwayoyin kafin a fara da bayan an gama. Gwaji biyar na awa huɗu-huɗu awa 20 ne. Masana'anta tana aiki kimanin awa 8,000 a shekara, kuma matatar fetur ta saba katalis ɗinta ya kai shekara ko fiye kafin a sauya shi.